SHARHI: Na'urorin nano da fatan gano ƙwayar cuta a jini tun da wuri

A shekarar 2004, masu bincike a ɗakin gwajin Charles Lieber na Jami'ar Harvard da ke Amurka suka nuna cewa siririyar wayar silikon na iya gane ƙwayar bairos ɗin mura guda ɗaya tak. Kaurin wayar ana auna shi ne da nanomita, wato kashi ɗaya cikin biliyan na mita. Akan shafe ta da sinadarin garkuwar jiki da ke kama ƙwayar da ake nema, da zarar ƙwayar ta manne kuma, sai ƙarfin lantarkin da ke ratsa wayar ya sauya.

Amfanin wannan dabara yana ga lokaci. Gwajin da ke neman martanin garkuwar jiki kan ɗauki har kwana 90 kafin ya nuna mutum ya kamu da HIV. A wannan tsakani, wanda ya ba da jini zai iya tsallake tantancewa alhali yana ɗauke da cutar. Haka ma zazzabin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na Jihar Borno, yakan fara da alamun da ke kama da na maleriya, maganin ribavirin kuwa ya fi tasiri idan an bayar a kwanakin farko. Tabbatar da cutar yana buƙatar gwajin PCR a cibiyoyi irin su Asibitin Koyarwa na Irrua a Edo, ko babban ɗakin gwajin NCDC da ke Gaduwa a Abuja. Kafin samfurin jini ya je sakamako ya dawo, wani majinyacin ya riga ya galabaita.

Sai dai jini ya fi ruwan ɗakin gwaji wuyar sha'ani. Gishirin da ke cikinsa yana dushe cajin lantarkin ƙwayar, ta yadda na'urar ba ta jin abin da ya yi mata nisan da ya wuce kusan nanomita ɗaya. Sunadaran jini kuma sukan lulluɓe fuskarta. Shi ya sa, bayan fiye da shekara 20, irin waɗannan na'urori ba su zama kayan aikin yau da kullum a asibitoci ba.

Akwai kuma matsalar da ta shafi Najeriya kai-tsaye. Ƙwayar Lassa tana da rassa daban-daban a sassan ƙasar, don haka na'urar da aka ƙera da reshe ɗaya za ta iya kasa gane wani. Ya kamata NCDC da NAFDAC su dage cewa duk na'urar da za a shigo da ita sai an gwada ta da jinin majinyatan ƙasar nan, cikin zafi da ƙurar asibitocin karkara, kafin a kashe mata kuɗin jama'a. Har zuwa lokacin, ƙara yawan cibiyoyin PCR da hanzarta jigilar samfur su ne za su ceci rayuka a kakar Lassa mai zuwa.