Koren Ruwa Ba Dauɗa Ba Ne

Duk wanda ya saba zuwa madatsar ruwan Shagari ya san launin ruwan yakan sāke. Da damina ja ne, saboda lakar da ke gangarowa daga gonaki. In kaka ta yi, laka ta kwanta, hasken rana ya sami shiga, sai ruwan ya soma kore. Waɗansu su ce ya ɓaci. Ba haka ba ne.

Koren nan tsirrai ne ƙanana ƙwarai, ba a ganinsu ɗai-ɗai sai da madubin likita. 'Yan ƙwarin ruwa suna cinsu, 'ya'yan kifi kuma su ci ƙwarin. Karfasa kuwa ko ta girma ba ta barinsu. Ko a teku haka ne: a gaɓar Ghana, daga Yuli zuwa Satumba, ruwan sanyi yakan taso daga ƙasa da abincin tsirran, su yawaita, masunta su cika jirage.

To, manomin rani da ya gama feshi ya wanke tulunsa a bakin ruwa, ƙwarin nan ya kashe, watau ya yanke wa kifi abinci. Takin zamani kuma in ya kwarara ciki da yawa, koren yakan yi kauri da bazara, ya shanye iskar ruwa da dare, a wayi gari kifi ciki sama.

Lalle ya kamata sarkin ruwa da masu unguwanni su hana wankin nan. A tona rami nesa da gaɓa, a bar ciyawar bakin ruwa ta tare taki.