Wai Akta Ba Ya Mutuwa? To Ku Je Ku Tambayi Mirial

Kwanakin baya gardama ta sarƙe tsakanina da wani ƙanena a majalisarmu. Yaron nan ɗan kallon fim ne na a-mutu, kuma gwani ne a wasannin dabarun yaƙi da mulki da ake bugawa ta intanet. Ya zo yana huci, wai an cuce su. Sun kwashe sa'o'i suna shirya yaƙi, ana fara gwabzawa abokan gaba suka taru a kan kwamandansu suka kashe shi, rundunar ta watse kowa ya kama gabansa. Shi a ganinsa kamata ya yi masu ƙirƙirar wasa su hana taɓa shugaba kwata-kwata. Har ya kafa mini hujja da maganar nan ta 'yan kallo: "Yaya, ai akta ba ya mutuwa!"

Na ce masa ban yarda ba. Yau ga shi ina maimaitawa a gaban masu karatu, domin wannan ra'ayi nasa shi ne ainihin cutar da ke cin finafinanmu da littattafanmu.

Bari mu fara daga inda abin ya samo asali. A watan Agustan 1997, lokacin da ake gwajin wasan Ultima Online, mai wasan da kansa, Richard Garriott, ya shigo a matsayin sarkin duniyar, mai suna Lord British, don ya yi wa jama'a jawabi. An tsara sarkin ne yadda babu makamin da zai kama shi. To amma an sake kunna na'urar wasan, aka manta ba a mayar masa da wannan kariya ba. Wani ɗan wasa da ake kira Rainz ya jefa masa wuta, sai ga sarki ya faɗi matacce a bainar jama'a. Yau kusan shekara 30 ke nan, babu wanda ya damu da abin da sarki ya zo faɗa a ranar, amma har gobe ana ba da labarin faɗuwarsa. Me ya sa? Saboda ranar ce kaɗai 'yan wasa suka ga sarkinsu a matsayin mutum.

Sai kuma labarin da ya fi kowanne shahara. Akwai wasan EVE Online, na wani kamfanin ƙasar Iceland mai suna CCP, wanda ya fito a 2003. A cikinsa dubban mutane ne ke tuƙa jiragen yaƙi a sararin samaniya, suna kafa ƙungiyoyi, suna tara dukiya, suna ƙwace yankunan juna. A watan Afrilun 2005, wata ƙungiyar 'yan ina-da-kisa da ake kira Guiding Hand Social Club ta cika wata kwangila da aka ba ta, ta kashe Mirial, shugabar ƙungiyar Ubiqua Seraph. Ba su tare ta a fagen fama ba. Wajen wata 10 suka yi suna cusa mutanensu cikin ƙungiyarta, har ɗayansu, Arenis Xemdal, ya zama na hannun damarta. Ranar da aka ba da alama, shi ɗin da ke rakiyarta ne ya juya mata baki. Aka tarwatsa jirginta, aka kashe ta, a daidai wannan lokaci sauran 'yan leƙen asirin suka yashe rumbunan ƙungiyar tas. An ƙiyasta asarar da kimanin dala 16,500 a kuɗin gaske. Gawar kuwa aka kai wa wanda ya ba da kwangila.

Ga inda darasin yake, jama'a. A EVE mutuwa ba ta dindindin ba ce. In an kashe ka, farkawa za ka yi a cikin wani sabon jiki da ka ajiye. Ke nan Mirial ta tashi bayan 'yan daƙiƙoƙi, kuma sunanta na shugaba yana nan. To amma shugabar wa? Wanda ta fi amincewa da shi ne ya kashe ta, waɗanda ta danƙa wa makullan rumbu ne suka sace kayan. Gobe wa za ta sake ba makulli? Kuma wane mabiyi ne zai sake ajiye dukiyarsa a hannun wadda ba ta gane maƙiyi yana cin tuwo a akushinta ba har tsawon wata 10? Jiki ya dawo, amana ba ta dawo ba. Da ɗan gari akan ci gari, in ji Hausawa, kuma ba su yi ƙarya ba. A watan Fabrairun 2009 ma an sake ganin irin haka a wasan, lokacin da wani babban jami'i a ƙawancen Band of Brothers ya sauya sheƙa zuwa wajen abokan gabarsu, ya yi amfani da ikon da ke hannunsa ya rushe ƙawancen gaba ɗaya ba tare da an harba ko harsashi ɗaya ba.

Yanzu bari mu saurari ɓangaren ƙanena, don ban ce ba su da abin faɗa ba. Hujjarsu ita ce: mutum ɗari biyu sun bar barcinsu, sun taru don su more yaƙi, sai a kashe mutum ɗaya a minti na farko, daɗin kowa ya lalace. Wannan ƙorafi ya yi ƙarfi a EVE har kamfanin ya fito da wani jirgi na musamman a 2018, mai suna Monitor, don kwamandoji: ga taurin tsiya, kashe shi sai an sha wuya, amma shi ma ba ya iya yi wa kowa wata ɓarna. Haka a Total War: Warhammer, wanda ya fito a 2016, manyan jagorori ba sa mutuwa sam. Ko an sare su a fagen fama, jinya kawai za su tafi ta ɗan lokaci su dawo garau. A can ɗaya gefen kuma akwai Age of Empires II na 1999, mai wani tsari da in an kashe sarkinka shi ke nan an cinye ka, ko da kana da dakaru cike da fili.

Ni dai duka biyun ban gamsu ba. Wanda ya ce sarki ba ya mutuwa ya yi ƙarya, wanda ya ce in sarki ya mutu komai ya ƙare shi ma ya yi ƙarya. Rundunar da ta watse saboda an kashe mutum ɗaya, laifin wa? Ina mataimaki? Ina na uku? Kwamandan da bai horar da wanda zai karɓi umarni in ya faɗi ba, shi ya kashe rundunarsa tun kafin a fita. Ƙungiyoyin da suka san abin da suke yi suna naɗa na biyu da na uku tun a gida, ana kashe na farko sai ka ji wata murya ta ɗauka daga inda ya tsaya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. In ka hana a taɓa shugaba, ka rufe tsagar da fenti ne kawai.

Wasan da na ga ya fi kamanta gaskiya shi ne Crusader Kings III, na kamfanin Paradox da ke Sweden, wanda ya fito a 2020, kuma ana iya buga shi da jama'a ta intanet. Abin da zai ba mai karatu sha'awa, cikin sarakunan da wasan ke gabatar maka ka zaɓa a shekarar 867 har da Daurama ta Daura. A wannan wasa, in kana son kashe wani sarki sai ka nemi 'yan cikin fadarsa su haɗa baki da kai, ta hanyar toshiya ko barazana ko ƙiyayyar da suke masa tun da. In ya mutu, sau da yawa sai a raba ƙasarsa tsakanin 'ya'yansa, hakimai kuma su raina sabon sarki saboda bai daɗe a kan gado ba, su fara ƙulla tawaye.

Amma rauni ya fi kisa rikitarwa, kuma nan ne nake son marubutanmu su buɗe kunne. Sarki zai dawo daga yaƙi da sara a jiki. Ƙarfinsa ya ragu. Likitan fada zai gwada magani, wataƙila ya warke, wataƙila maganin ya ƙara nakasa shi. In ya kai ga ba ya iya mulki, sai a naɗa mai riƙon ƙwarya, kuma tun daga sabuntawar da aka yi wa wasan a 2023, mai riƙon yana iya tara iko a hankali har ya ƙi sakin kujera. Matacce ya bar kujera a fili, kowa ya san abin yi. Majinyaci kuwa bai sauka ba, bai kuma hau ba. Wa zai sa hannu? Wa zai ba da umarni? Wa ke da izinin shiga ɗakin da yake kwance? Mu 'yan Nijeriya ba sai an yi mana dogon bayani ba. Marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya tafi jinya Saudiyya a watan Nuwamban 2009, ƙasa ta yi fiye da wata 2 cikin ruɗani kafin Majalisar Tarayya ta ba mataimakinsa riƙo ranar 9 ga Fabrairun 2010. Da Allah ya yi masa rasuwa ranar 5 ga Mayu, washegari aka rantsar da magajinsa. Abin da jinya ta kasa warwarewa a watanni, mutuwa ta warware shi a kwana ɗaya.

To ku dubi yadda muke yi a fim. An harbi Alhaji, shugaban kamfani ko ɗan takara. Sai a nuno shi a gadon asibiti da bandeji a kai, ko da a ciki aka harbe shi. Likita ya fito ya cire tabarau ya girgiza kai. Hajiya ta fashe da kuka. A saka waƙa. A kashi na biyu Alhaji ya miƙe garau, ya koma ofis ya tarar da kujerarsa kamar yadda ya bar ta. Haba darakta! Wata uku mutum yana kwance, babu manajan da ya yi sata, babu ɗan da ya fara ɗaukar kansa magaji, babu amaryar da ta riƙe makullin ɗaki ta hana uwargida shiga, babu yaron siyasar da ya lallaɓa wajen abokin hamayya? Ai labarin yana cikin wata ukun nan, ku kuwa kun cike su da rawa. Littattafanmu ma haka: a yi wa jarumi haɗarin mota don kawai budurwa ta zo dubiya.

Wasu za su ce irin waɗannan wasanni suna koya wa yara cin amana. Ni ma ban yaba wa mutumin da zai yi wata 10 yana abota da mutum na gaske, suna hira suna dariya, alhali wuƙa na aljihunsa ba. Ko a wasa ne, wannan hali ne da ba zan so ga ƙanena ba. Amma nuna makirci daban, koyar da shi daban. Tun 1937 Abubakar Imam ya gina Magana Jari Ce a kan wannan giɓi: Sarki Abdurrahman ya fita yaƙi, Waziri ya ga fada babu mai ita, ya shiga ƙulle-ƙullen cin amana. An yi shekara da shekaru ana karanta littafin a makarantu, ban ji wanda ya ce ya mayar da ɗansa maci amana ba. Abin da ya koya mana shi ne mu lura da wanda ke tsaye kusa da karaga ranar da mai ita ba ya nan.

Don haka ina kira ga masu ƙirƙirar wasa su bar shugaba ya ji ciwo. Ina kuma kira ga furodusoshi da marubutanmu, in kun harbi Alhaji, ku bar shi a kwance, ku juya kyamara wajen waɗanda ke tsaye a bakin ƙofa. Shi kuma ƙanena na ba shi shawara ya koma ya faɗa wa kwamandansu ya naɗa mataimaki kafin yaƙi na gaba. Ya ce ai mutumin ba ya son kowa ya yi magana in ba shi ba. Na ce to, ku shirya sake watsewa.

Allah ya sa mu gyara.