Ra'ayinmu: Mudunka Shi Ne Wa'azinka

Duk wanda ya taɓa tsayawa a Kwanar Dangora lokacin kaka ya san irin hada-hadar da ake yi a wurin. Nan ne hanyar Kano zuwa Zariya ta haɗu da wadda ta bi ta Tudun Wada, ta ratsa dajin Falgore, ta wuce Saminaka har zuwa Jos. Motoci suna lodin amfanin gona, dillalai suna kai da kawowa, ciniki yana ci tun safe har dare. A cikin wannan taro akwai 'yan'uwanmu masu bi daga ƙauyukan Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, waɗanda ran Lahadi suka yi sujada a majami'a, ran kasuwa kuma ga su a bakin buhu da mudu a hannu. A kansu muke so mu yi magana yau.

Akwai wata koyarwa da ta shigo cikinmu ba tare da mai wa'azi ba, wato cewa ibada daban, kasuwa daban. Mai bin wannan koyarwa bai musunci Allah ba. Yana ba da zakka, yana kuma zuwa addu'ar tsakiyar mako. Sai dai in ya fito daga majami'a yakan bar Ubangiji a can ciki, ya ce harkar nema tana da nata dokoki. A ƙasashen Turai a fili mutane suke cewa addini ba ruwansa da harkar yau da kullum. Mu a nan ba mai faɗin haka da baki, amma mudunmu yana faɗi.

Kowa ya san abin da muke nufi. Mutum yana da mudu biyu, babba na saye, ƙarami na sayarwa, ko kuwa ya bugi gindin kwano domin ya rage ci. Wani ya zuba tsakuwa da ƙaiƙayi a tsakiyar buhu, ya rufe baki da hatsi mai kyau. Wani ya gauraya tsohuwar masara da ƙwari suka ci da sabuwa. Mafi muni shi ne zuba fiya-fiya a cikin wake domin ajiya, a kai shi kasuwa kafin dafin ya fita, alhali 'ya'yan wani ne za su ci. Saboda irin wannan magani ne Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya a shekarar 2015. Su sun iya rufe ƙofarsu, amma matar da ta auni mudu ɗaya don abincin dare ba ta da injin gwaji.

Wannan cuta ba yau ta fara ba. A sura 8 ta littafinsa, annabi Amos ya tsauta wa 'yan kasuwar Isra'ila waɗanda suke ƙosawa ranar Asabar ta wuce su koma rage ma'auni, suna sayar wa talaka har da sharar alkama. Masu kiyaye ranar ibada ne, amma Ubangiji ya rantse ba zai manta da aikinsu ba. Maƙwabtanmu Musulmi ma suna da sura guda a Alƙur'ani da ta yi kashedi ga masu tauye mudu. Ashe ba wanda zai ce bai sani ba.

Nauyin wannan magana ya fi yawa a kanmu domin mu 'yan kaɗan ne a wannan yanki. Yawancin maƙwabtanmu ba za su taɓa shiga majami'a su ji fasto ba, ba kuma za su buɗe Littafi Mai Tsarki ba, ko da yake an buga shi da Hausa tun 1932. Abin da za su sani game da Almasihu, a wurin awo za su gan shi, a biyan bashi, da cika alkawarin ƙodago. Gani ya kori ji. In mai bi ɗaya ya yi algus, ba sunansa kaɗai za a kira ba, cewa za a yi halin Kirista ke nan. Da yawa daga cikinmu jikokin manoman ƙauye ne da ake kira Maguzawa, dattawanmu kuma suna ba da labarin yadda ake ba kakanninsu ajiya ba tare da shaida ba. Abin kunya ne a ce bishara ta zo, amana ta ragu.

Mun san akwai masu cewa gara mu janye, mu yi ciniki a junanmu kawai. Ba mu raina tsoronsu ba, gama ba mu manta da watan Satumba na 2007 ba, lokacin da aka ƙone majami'u aka kuma yi asarar rayuka a Tudun Wada. Amma a sura 29 ta littafin Irmiya, an umarci waɗanda aka kai bauta Babila su gina gidaje, su yi shuka, su nemi alherin garin da suke zaune. Daniyel ya yi aikin gwamnati a wannan ƙasa ta Babila, abokan gabansa suka bincike shi sarai ba su sami ha'inci ko ɗaya ba. Mu kuwa ba baƙi ba ne, a nan aka binne cibiyarmu. Gishirin da aka ƙulle a tsumma ba ya gyara miya.

Ba za mu ɓoye cewa gaskiya tana da tsada ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kuɗin mota da na aikin gona suka hau, kuma wanda ya auna daidai yana iya komawa gida da riba ƙasa da ta maƙwabcinsa. Wannan ma ɗaukar gicciye ne. Amma ramin ƙarya ƙurarre ne, mai saye kuma ba ya manta rumfar da ba a cuce shi ba.

Saboda haka muna kira ga fastoci da dattawan ikilisiyoyin ECWA da Angilikan da Katolika da Baptis da sauransu su kawo maganar mudu kan bagade kafin bikin godiyar kaka, gama buhun da aka kawo baiko bai kamata ya fito daga awon zalunci ba. Zumuntar mata su ɗauki wannan batu, tun da su ne suka fi riƙe ƙananan awo. A gayyato malaman gona su koya wa masu bi ajiyar wake a buhun da ba ya shan iska, wanda ba ya bukatar guba. Inda hali ya yi, ikilisiya ta kafa rumbun taimakon juna, domin kada matsi ya tura ɗan'uwa ga bashi da ruwa, bashin kuma ya tura shi ga ha'inci.

Kai kuma ɗan'uwa, kafin ranar kasuwa mai zuwa, ɗauko mudunka ka duba shi. In biyu ne, ka yar da ɗaya. In akwai wanda ka cuta, ka neme shi ka mayar masa kamar yadda Zakka ya yi. Muna roƙon ranar da direba daga Kano ko Jos zai tsaya a Kwanar Dangora ya tambayi rumfar Kirista domin ya san ba sai ya zazzage buhu ba. Ubangiji ya ba mu ikon yin haka. Amin.