Mu saƙa wa jarirai hula kafin ɗari ya shigo

 Hatsi ya shiga rumbu, an ɗaure harawa, nan gaba kaɗan iskar hunturu za ta taso. Kowa ya san ɗarin Dallol Mawri. Fadama tana riƙe sanyi, da asuba har hannu yakan ƙage. Babba yakan ja gwado ya rufa, ko ya matsa kusa da wuta. To jaririn da aka haifa jiya fa, da me zai kare kansa?

Ga ra'ayinmu. Saƙar kwarashi da ta tsinke, wadda mata da ƴan mata suke yi a inuwa bayan sun gama aikin gida, aikin kiwon lafiya ce. Ya kamata duk gidan da yake da mace mai ciki ya tanadi hula biyu da safa biyu kafin ranar haihuwa. Ya kamata kuma a saƙa su nan cikin garuruwanmu.

Abin da sanyi yake yi wa jariri

A cikin uwa, jariri yana zaune cikin ɗumi na wajen digiri 37. Yana fitowa, jikinsa a jiƙe, sai ya tarar da iska. A watannin Disamba da Janairu, wasu darare sanyi yakan sauka ƙasa da digiri 15. Jariri ba ya iya makyarkyata kamar babba don ya ɗumama jikinsa. Fatarsa siririya ce, kitsensa kaɗan ne. Kansa kuma babba ne in an gwada shi da sauran jiki, ya kai kashi ɗaya cikin huɗu na tsawonsa. Don haka kai a buɗe babbar ƙofa ce da ɗumi yake fita.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗumin jikin jariri ya tsaya tsakanin digiri 36,5 da 37,5. In ya yi ƙasa da haka, sanyi ya kama shi. Jaririn da sanyi ya kama yakan yi lakwas. Ba ya kama nono da ƙarfi, kukansa ba ya fita sosai, tafin ƙafarsa da sanyi. Abincin da ya kamata ya gina jikinsa sai ya ƙare wajen neman ɗumi. Haɗarin ya fi yawa ga bakwaini, da tagwaye, da duk wanda nauyinsa bai kai kilo 2 da rabi ba.

Hula da ƙirjin uwa

Hula ita kaɗai ba ta isa ba, tana da abokan aiki. Da an haifi jariri a goge shi da busasshen zane mai tsabta. A ɗora shi a ƙirjin uwa, fata da fata. A sa masa hula, a rufe su biyun da wani zane, a ba shi nono cikin awa ta farko. Wanka kuwa a dakata sai bayan awa 24. Mun san wannan ya saɓa wa abin da muka gada, kuma ungozomomi iyayenmu ne, muna girmama su. Amma farin maiƙon nan da jariri yake fitowa da shi yana kare fatarsa. In gida ya matsa sai an yi wanka, to a jira aƙalla awa 6, a yi da ruwan ɗumi, cikin ɗaki, da sauri.

Ga ƙananan jarirai akwai dabarar goyon ƙirji. Likitoci ne suka fara ta a birnin Bogota na ƙasar Kolambiya a 1978, saboda kwalaben ɗumama jarirai sun yi musu kaɗan. Akan ɗaure jariri a ƙirjin uwa dare da rana, ba ya sanye da kome sai hula da safa da ɗan ƙyalle. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a fara wannan goyo tun daga haihuwa. Ku duba kayan aikin: uwa, zane, hula, safa. Babu wanda ba mu da shi ko ba mu iya yi.

Ina za mu sami zare?

Kakanninmu sun shuka auduga. Mata su gurza, su shiɓa, su kaɗa da mazari, masaƙa su yi gwado da zane. Yau mazari ya yi wuya a gidaje, zaren ulu kuwa daga waje yake zuwa. Abin da yake zuwa daga waje ba shi da tabbas. A Janairun 1994 aka karya darajar kuɗin sefa da rabi, kayan waje suka yi tsada. A Agustan 2019 Nijeriya ta rufe iyakarta fiye da shekara guda, mu da muke bakin iyaka mun ji a jikinmu.

Akwai hanya mai sauƙi. Tsohuwar rigar sanyi ta gwanjo da ta yage, kada a yar. A warware ta, a nannaɗe zaren, a wanke da sabulu, a shanya a rana. Rigar babba guda tana ba da hula da safa na jarirai da yawa. Tsofaffin da suka iya kaɗi kuma su koya wa jikokinsu tun suna da rai, domin zaren auduga ya fi laushi ga fatar jariri.

Hular sabon haihuwa ƙarama ce. Kewayenta wajen santimita 30 zuwa 33, kamar taƙi ɗaya da rabi na babba. A saƙa ta yadda za ta rufe kunnuwa, kada ta matse kai. Kada a sa mata igiya mai ɗaurewa a wuya. Kada a liƙa mata maɓalli ko dutsen ado, domin yaro yana iya haɗiya. A sani kuma zaren ulu na kasuwa yawanci na roba ne, yana narkewa in ya taɓa wuta. A nisanta jariri da murhu da garwashi, hayaƙin ma yana jawo masa ciwon ƙirji. In zafi ya dawo a Maris da Afrilu, a ajiye hular ulu. Ko cikin ɗari, in aka taɓa wuyan yaro aka ji gumi, a cire.

Masu ja da wannan magana

Wasu maza suna cewa saƙa wasan mata ne, tana hana su aiki. Muna tambayarsu: nawa ake kashewa in jariri ya kwanta, daga kuɗin babur zuwa kuɗin magani? Dunƙulen zare guda bai kai rabin wannan ba. Mai gidan da yake sayen goron suna, ya fara da sayen zare.

Wasu suna cewa ta kasuwa ta fi araha. Wani lokaci haka ne. Sai dai hular kasuwa yawanci ta yaro mai watanni ce, tana zamewa daga kan bakwaini. Haihuwa kuma ba ta jiran ranar kasuwar Fadama. Hular da aka saƙa tun ciki yana wata bakwai tana nan cikin kwalla, ko da tsakar dare aka haihu.

Mata kuma suna cewa ba su da lokaci. Wannan magana tana da nauyi. Daka, ɗibar ruwa, itace, ga garka, ga aikin rake da rogo a fadama. Ba mu ce kowace mace ta zama masaƙiya ba. In an sami mata biyar da suka iya a unguwa, sun ishi jariranta. Ƴan mata ma suna koyon kwarashi da sauri. Samari kuwa kada su ji kunya, ai saƙar gwado da ɗinkin hula tun asali maza ne suke yi.

Ƴar tsana daga ragowar zare

Ragowar zare da ƙyallaye ba shara ba ne. Da su ake ɗinka ƴar tsana mai laushi. Yaron da yake riƙewa, yana jefawa, yana yi wa ƴar tsana magana, hannunsa da bakinsa suna koyo. A cusa mata tsumma mai tsabta, kada a cusa wake ko tsakuwa. Ido da baki a yi su da zare. A riƙa wanke ta, domin duk abin da yaro ya riƙe, baki yake kai shi.

Saƙa da lissafi

Mai saƙa tana ƙirga ido, tana ƙirga layi, tana auna tsawo. Wannan shi ne lissafin da muke koyo a aji. Ga misali, kowa ta sa kuɗin kasuwarta a madadinsa. An sayi dunƙulen zare dala 100, ya ba da hula 3. An sayar da kowace dala 60, an sami dala 180. In an cire kuɗin zare, riba dala 80 ke nan. Wadda ta rubuta wannan a littafinta ta san ko tana ci gaba ko tana faɗuwa.

Jarin ma yana kusa. Asusun Mata Masu Dubara, wanda ƙungiyar CARE ta fara da matan jihar Maraɗi a 1991, ya nuna cewa zubin mako-mako yana tara abin sana'a. Ƙungiyar mata tana iya sayen zare a dunƙule, ta raba wa masu saƙa.

Kiranmu

Muna kira ga kowane ajin karatun manya, daga Gesheme zuwa Lido da Fadama, ya ƙirga matan unguwa da za su haihu cikin ɗarin bana. A rubuta adadin a allo, a raba aikin, kowane ciki hula biyu da safa biyu. A ba ungozoma wasu ta ajiye saboda haihuwar da ta zo ba shiri. Masu gari da limamai su taya mu faɗa wa maza.

Abu na ƙarshe, ku riƙe shi da kyau. In jariri ya yi sanyi, aka sa shi a ƙirji aka rufe amma bai ɗumama ba, ko ya ƙi nono, ko numfashinsa ya yi sauri, wata cuta ce take iya kasancewa a jikinsa. Kada a jira gari ya waye. A kai shi likita, yana ɗaure a ƙirjin uwarsa, da hularsa a kai.

Allah ya sauki masu ciki lafiya, ya raya mana abin da aka haifa.