Ruwan Tiga Da Makomar Ƙaramin Manomi A Kura

Mummunan farin da aka yi daga 1972 zuwa 1974 ya koya wa Arewa cewa damina ba abin dogara ba ce ita kaɗai. A 1974 ɗin ne aka gama madatsar ruwa ta Tiga a zamanin Gwamna Audu Baƙo. Daga can ruwa ke gangarowa da kansa, ba da inji ba, zuwa gonakin Bunkure da Kura da Garun Malam, a ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are.

To, amma yanayi bai daina sauyawa ba. Wata shekara ruwa ya makara, wata ya ɗauke ana tsakar bukatarsa, wata kuma ya zo da ambaliya. Noman rani ma bai tsira ba. Alkama sanyin hunturu take so. In ba a shuka ta a watan Nuwamba ba, zafin Maris zai riske ta kafin ta cika ido.

Dabarar ƙaramin manomi ita ce rarraba ƙafa. Da damina ya dasa shinkafa, in ruwan sama ya yi fashi ya buɗe mata na lambatu. Da rani ya raba fili tsakanin alkama da albasa da tumatir da masara. A kan tudu bai bar gero da dawa da wake ba. A gida mata na turara shinkafa su sayar, ga 'yan awaki don ranar tsiya. A 2016, da tsutsar nan Tuta absoluta ta cinye tumatirin Kadawa, waɗanda suka zuba komai a kansa su suka fi shan wuya.

Sai dai duk wannan dabara ta rataya ne a kan isar ruwa. Laka da ciyawar kacala suna toshe hanyoyinsa. In na sama ya sha fiye da rabonsa, na ƙarshen layi sai ya koma ga rijiya da injin ban ruwa, ga shi man fetur ya yi tsada tun cire tallafi a 2023. Shirin TRIMING da Bankin Duniya ya amince da shi a 2014 ya gyara hanyoyin ruwa, amma yasa da rabo aikin ƙungiyoyin masu amfani da ruwa ne.

Littafin Farawa ya nuna mana Yusufu ya tara hatsi a shekarun ƙoshi, ya kuma raba shi da yunwa ta zo. Tarawa dai Tiga ta yi. Muna kira ga shugabannin ikilisiya da limamai da dagatai su tsaya a kan rabon, a fita gayyar yasar lambatu, a kiyaye ranar ban ruwan kowa, kada kuma a manta da mutanen Haɗeja da Nguru, waɗanda su ma wannan ruwan suke jira.