Ina Mutanen Unguwa Ran Ƙuri'a?

Duk wanda ya ratsa unguwannin Ƙaura Namoda ko Shinkafi ana sauran wata guda zaɓe, zai rantse ba ƙasar da ta kai wannan son siyasa. Kowane bango da hotonsa, kowace rumfar mai shayi da jam'iyyarta, har wa da ƙane su daina cin tuwo a akushi ɗaya. To, ran ƙuri'a fa? Sai ka ga rabin masu jijiyar wuyan nan suna kwance a zaure, wai rana ta yi zafi. A zaɓen shugaban ƙasa na 2023 mutum fiye da miliyan 93 suka rubuta suna a Nijeriya, amma waɗanda suka fito ba su kai miliyan 25 ba, watau wajen kashi 27 cikin ɗari. A 1959, sa'ad da aka jera akwatuna, wannan da hoton fartanya na NPC, wancan da tauraron NEPU, kusan kashi 80 suka fito. Ga shi kuwa a lokacin matan Arewa ba su da ikon jefa ƙuri'a, abin da Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri a kansa.

Manyan 'yan siyasa suna da amsa a shirye: wai talaka ne ya yi kasala. Assha! Bari mu tuna musu abin da suka yi da ƙuri'ar da aka ba su amana.

A 2019 mutanen Zamfara sun bi layi, fiye da dubu 500 suka zaɓi Mukhtar Shehu Idris na APC gwamna. Ran 24 ga Mayu Kotun Ƙoli ta soke waɗannan ƙuri'u duka, domin jam'iyyar ba ta yi zaɓen fid da gwani bisa ƙa'ida ba. Shugabanninta sun tsaya rigimar wa zai gaji wa, har lokacin da doka ta yanka ya wuce. Kujerar gwamna, da ta sanatoci 3, da 'yan Majalisar Wakilai 7, da 'yan Majalisar Jiha 24, duk suka suɓuce rana ɗaya. Ba laifin alƙalai ba ne, doka suka bi. Amma tsohuwar da ta bar ƙullunta ta wuni a rana, wa ya je ya ba ta haƙuri? Bello Matawalle na PDP, wanda bai sami ko dubu 200 ba, shi ya hau. Bayan shekara biyu, cikin Yuni 2021, sai ga shi ya koma APC ɗin da aka karɓe wa mulki aka ba shi. Ba kansa farau ba: Mahmud Aliyu Shinkafi ya ci zaɓen 2007 a ANPP, kafin wa'adinsa ya cika ya tsallaka PDP. Wanda ya ga haka sau biyu, in ya ce ƙuri'a wasan yara ce, ba mahaukaci ba ne.

Duk da haka ban yarda da shi ba, musamman in mutumin gari ne. Dalilina biyu.

Na farko, ba shi ne mai uzuri ba. Mai uzuri shi ne manomin Katuru, da na ƙauyukan Zurmi, wanda ba ya zuwa gonarsa sai da fargabar 'yan bindiga, wanda watakila katin zaɓensa ya ƙone tare da rumbunsa, ko kuwa yana gudun hijira a garin da ba sunansa cikin littafin masu ƙuri'a. Shi ne aka rufe wa kasuwannin mako, aka yanke wa layin waya cikin Satumba 2021. In ya ƙi fitowa, wa zai ga baƙinsa? Amma kai da rumfar zaɓe take makarantar firamaren bayan gidanka, me ya tsare ka? Kai ne bakin waɗancan bayin Allah, tun da su ba hali. Ka yi shiru, an yi shiru ke nan a madadin mutum goma.

Na biyu, zaman gida ba horon ɗan siyasa ba ne, rangwame ne aka yi masa. Lissafin ba wuya. In unguwa tana da masu ƙuri'a dubu, duka suka fito, ba mai aljihun da zai saye su. In ɗari biyu kaɗai suka fito, to, katan ɗin taliya kaɗan da 'yan atamfofi sun isa. Mai fushi yana zaure yana tsaki, dillalin ƙuri'a yana yi masa addu'ar Allah ya ƙara nauyin barci.

Masu cewa an riga an rubuta sakamako tun kafin a buɗe akwati, su dubi abin da ya sami gwamnonin nan biyu da suka sauya sheƙa. Mahmud Shinkafi yana kan kujera, jam'iyyarsa tana mulkin tarayya, Abdul'aziz Yari ya kayar da shi a 2011. Matawalle ma haka, ga kujera, ga tarayya a bayansa, amma cikin Maris 2023 Dauda Lawal na PDP ya sami ƙuri'a 377,726, shi kuwa 311,976. Ratar 65,750 ce kacal. In ka raba ta ga ƙananan hukumomi 14 na jihar, kowace ba ta kai dubu 5 ba. Masu kwanciya a zaure a Ƙaura kaɗai, da za a ƙidaya su, ina zaton sun fi haka.