Zauren Asusu: Tabkin unguwa ba juji ba ne

 

A damanar 2024 wata ƴar ƙungiyarmu ta ci bashin jika ashirin ta sari gyaɗa. Dare ɗaya ruwa ya shiga ɗakinta, bango ya faɗi, gyaɗar ta jiƙe ta ruɓe. Mun ɗaga mata ƙafa, amma asusu ya ji a jikinsa. A wannan shekarar ce ma tsohon masallacin Birni na Damagaram ya rushe. Kowa ya ce ruwa ya yi yawa. Haka ne. To amma ni na tafi na tsaya bakin tabkin unguwarmu, sai na ji kunya.

Muna yara, tabkin nan yana da bado, ana kama tarwaɗa, balbela na sauka da maraice. Yau rabinsa leda ce da toka, wani gefen kuma an cike an yi gini. Sharar nan fa ba daga sama ta faɗo ba. Mu ne muke ɗora wa yara bokiti mu ce su kai can. Har da ni.

Tabki randar gari ce. Ruwan da ya gangaro daga tituna nan yake taruwa, ya nutse sannu a hankali, rijiyoyin kusa su samu. In aka cike shi, ruwan bai fasa zuwa ba, sai dai ya nemi ɗakin da ya fi ƙasa. Haka itatuwa: dubi dajin dogon yaro da aka fara dasawa kewayen Yamai a 1965 don tare iska da ƙura, yadda gine-gine ke cin sa kaɗan-kaɗan.

Na san wata za ta ce: "Inna, sauro fa?" Tambaya ce mai kyau. Ruwan da ke da kifi, ƙananan kifin na cinye ƴaƴan sauro. Wanda leda ta shaƙe kuwa babu mai cin su. Duk da haka a kwana cikin gidan sauro, kuma a hana yara wanka a ciki saboda tsargiya.

Aikin na rani ne, lokacin da ruwa ya ja baya. A fara da mai unguwa da ma'aikatar magajin gari, a san iyakar filin, don kada mu gyara wani ya zo da takarda ya ce nasa ne. Sannan a kwashe leda, a buɗe hanyar da ruwa ke shigowa. Bagaruwa ba ta tsoron tsayuwa cikin ruwa, ciyawar jema kuma na riƙe gaɓa. Dashen sai farkon damana, kuma ba tare da shinge ba awaki ne za su gode mana.

Ƙungiyarmu ta ware dala biyar-biyar a kowane zubi don hayar amalanke. Ranar Asabar za mu fara. Mai manjagara ta zo da abinta.